Wata takwas muna neman taifod a jikin Baffa

Baffana ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, mai sayar da atamfa da shadda. Shekararsa 54 lokacin da wannan abu ya same shi. Ƙanin mahaifina ne ciki ɗaya, yana da mata biyu da 'ya'ya 11. Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin haihuwa, kuma sunan mahaifiyarsu aka sa mini, don haka tun ina goye bai taɓa kirana da wani suna ba sai "Uwata". Da izininsa nake rubuta wannan, bisa sharaɗin ba zan faɗi sunansa ko layin da shagonsa yake ba. Na roƙe shi izinin ne saboda abin da ya faru a gidanmu yana faruwa a gidaje da yawa, kuma saboda ni da nake riƙe da takardar aikin lafiya na yi wata takwas ina kallonsa yana lalacewa ban gane ciwon damuwa nake kallo ba.

Wanda bai san shi da lafiyarsa ba, ba zai gane girman abin da ciwon ya ɗauke ba. Baffa mutum ne mai surutu da raha, irin wanda in ya shigo gidan biki ake sani tun daga zaure. Lissafi a ka yake yi: a faɗa masa dila nawa, bandir nawa, turmi nawa, kafin yaron shago ya gama latsa kwakuleta ya riga ya faɗi kuɗin. Yana da wata tsohuwar rediyo da ba ya rabuwa da ita. Da ya dawo daga sallar Asuba zai kunna ta a tsakar gida, yana shan koko da ƙosai yana musu da masu karanta labarai kamar suna jin sa. Shi ke biyan kuɗin makarantar marayun dangi, shi ake kira in aure ya rikice.

Asarar da ta zo

Kayansa daga ƙasar Sin suke zuwa. Yana karɓa bashi a lissafin dala, ya ba 'yan sari bashi a lissafin naira, kuma shekara da shekaru wannan tsari yana tafiya lafiya. A tsakiyar 2023 ana sayen dala wajen naira 750 a Wapa. Kafin shekarar ta ƙare ta haura 1,000, a watan Fabrairun 2024 ta wuce 1,500. Bashin da ke kansa ya ninka alhali bai ƙara karɓar ko ƙyalle ba. A tsakiyar haka sojoji suka yi juyin mulki a Nijar ranar 26 ga Yulin 2023, aka rufe iyaka, ba a buɗe ba sai a watan Maris na 2024. Manyan abokan cinikinsa na Maraɗi da Damagaram suka daina zuwa, kuɗinsa da ke hannunsu ya maƙale. Ya sayar da fili, ya sayar da ɗaya daga cikin shagunansa biyu.

Ba wannan ce asararsa ta farko ba. A ambaliyar daminar 2022 ruwa ya shiga shagonsa ya ɓata kaya masu yawa, ya yi kwana uku yana jimami, ya tashi ya ci gaba da harkarsa. Shi ya sa a farko babu wanda ya damu. Kowa ya ce kasuwa ce, yau riba gobe faɗuwa.

Amaryarsa, wadda muke kira Anti, ita ta fara lura, wajen watan Nuwamba. Ta ce ƙarfe biyu ko uku na dare yake farkawa, ya zauna a bakin gado har a kira sallah. Rediyo ta daina tashi da safe. Abinci ya koma loma biyu ya ture kwano, har agogon hannunsa ya fara zamewa zuwa tsintsiyar hannu. Ya fara kuka da zafi a tsakiyar ka, da nauyi a ƙirji kamar an ɗora masa dutse, da wani abu mai yawo a ƙarƙashin fata kamar kiyashi. Safiya ta fi yi masa tsanani. Da La'asar yakan ɗan sake, har a ce ya samu sauƙi, gobe da safe a koma gidan jiya. Yaran da yake ɗauka a kafaɗa ya fara daka musu tsawa in sun yi hayaniya. A shago yaronsa ya ga ya riƙe biro yana kallon lissafin turmi ashirin ya kasa haɗawa. Daga watan Janairu ya daina fita kasuwa. Daga baya ya daina zuwa jam'i, mutumin da sahun farko ya san shi shekara talatin.

In ka tambaye shi, amsa ɗaya ce: "Alhamdu lillahi, jiki ne kawai ba ƙarfi." An raine shi a kan cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma namiji ba ya kai ƙarar zuciyarsa.

Fassara uku da muka yi wa ciwon

Ta farko ta jiki ce, kuma a nan laifina ya fi yawa. Mai kemis na unguwa ya ba shi maganin zazzaɓin sauro. Da bai ji sauƙi ba aka yi gwajin jini na Widal aka ce taifod, gwajin da duk ma'aikacin lafiya ya san yakan nuna cutar ko ga mai lafiya a ƙasar da ƙwayar ta yawaita. Ya sha maganin taifod zagaye uku. Aka ce olsa ce, aka hana shi yaji da tsami. Aka yi masa ƙarin ruwa sau biyu a gida, kuma ni na ɗaura masa na biyun da hannuna. Da rashin barci ya yi yawa aka ba shi diyazifam, ƙwayar da ke kwantar da mutum na 'yan awoyi, ba ta taɓa ciwon damuwa ba, jiki kuma yana saurin sabawa da ita. Ban taɓa zama na tambaye shi yadda zuciyarsa take ba. Na auna jininsa, na auna sukarinsa, na duba idonsa ko jini ya yi ƙasa. Abin da aka koya mini in duba ke nan, kuma kunyar ɗa da uba ta tsaya a tsakaninmu.

Ta biyu ta asiri ce. Gwaggo, babbar yayarsu, ta ce wannan ba ciwon asibiti ba ne, hannu aka sa masa. Wasu suka ce 'yan kasuwa ne masu hassada. Amma da yake ya daina shiga ɗakin matansa, kuma Anti ba ta cika shekara huɗu a gidan ba, sai yatsa ya koma kanta. An sha rubutu, an yi hayaƙi, an yi wanka da garin magarya, an kawo mai ruƙiyya sau da dama. Anti ta yi yaji na sati biyu saboda maganganun da ake yaɓa mata. Matar da ta fara gane cewa mijinta ba lafiya ita aka mayar mai laifi, kuma har yau wannan tabo bai gama warkewa a gidan ba. Ɗaukewar sha'awa alama ce ta ciwon damuwa kamar yadda ɗaukewar cin abinci take, amma a cikinmu babu wanda ya san haka.

Ta uku ita ta fi yi masa illa. Abokai da 'yan'uwa masu kyakkyawar niyya suka riƙa zuwa suna yi masa nasiha: ina tawakkalinka, wane ya yi asarar da ta fi taka yana nan yana dariya, mumini ba ya baƙin ciki a kan dukiya. Wani ya ce masa a gabana raunin imani ne. Shi kuwa ciwon ya riga ya cika masa kai da zargin kansa. Yana ganin ya ci amanar mutane, ya tozarta iyalinsa, Allah ya yi fushi da shi. Kowace nasiha sai ta zame masa shaida a kan abin da ciwon yake raɗa masa da tsakar dare. Ya tsaya sallah ya kasa tattara hankalinsa, sai ya ɗauki wannan ma a matsayin hujjar cewa an rufe masa ƙofa.

Abin da ya kamata ya farkar da mu ya faru bayan ƙaramar Sallah, a watan Afrilun 2024. Mahaifina da sauran 'yan'uwa suka haɗa kuɗi, aka zauna da masu bin sa bashi aka yi sulhu, iyaka ta buɗe, mutanen Maraɗi suka fara biya. Matsalar da muka ce ita ce sila ta ragu ƙwarai. Aka kai masa albishir, ya ce "to, madalla", ya juya fuskarsa bango. Da baƙin cikin asara ne kawai, da ya tashi a ranar. Ciwon ya riga ya tsaya da ƙafarsa, ba ya bukatar bashi kafin ya ci gaba.

Daren da na tambaya

Bayan babbar Sallah da kamar sati biyu, Anti ta kira ni ta ce in zo, Baffa yana ta rubuce-rubuce a wani littafi. Na same shi a ɗakinsa bayan Isha'i, fitila a kashe. Na durƙusa na gaishe shi.

"Baffa, ina wuni. Ya ƙarfin jiki?"

"Uwata, ke ce? Zo ki karɓi wannan."

Littafin makaranta ne mai shafi arba'in. Ya rubuta duk wanda yake bi da duk mai bin sa, da inda takardun gida suke, da wanda yake so ya riƙe ƙananan yara. Ya ce in ajiye, in ta Allah ta kasance in ba babana. Rubuta wasiyya abu ne da addini ya kwaɗaitar, kuma da wani ne ya miƙo mini da na yaba masa. Amma mutumin da ya kasa haɗa lissafin turmi ashirin ya zauna ya tsara wannan duka, gabana ya faɗi. A wurin aiki an taɓa yi mana bita a kan matan da ke shiga damuwa bayan haihuwa, inda aka nanata mana cewa tambayar mutum kai tsaye ko yana tunanin mutuwa ba ta sa masa tunanin a rai, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. Ina yi wa masu jego wannan tambaya. Ban taɓa kawowa a raina cewa za ta shafi namiji mai furfura ba.

"Baffa, zan tambaye ka wani abu, ka yafe mini in na yi rashin kunya. Kana jin kamar gara a ce ba ka duniya?"

Ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya ce, "Kullum."

"Ka taɓa tunanin ka yi wa kanka wani abu?"

"Tunanin yana zuwa. Tsoron Allah ne yake riƙe da ni, da 'yan ƙananan nan. Amma na gaji, Uwata. Wallahi na gaji."

Ya yi kuka, abin da ban taɓa gani ba ko ranar da aka binne mahaifiyarsu. Na ce masa wannan da yake ji ciwo ne, yana da suna, yana da magani, kuma na ga waɗanda suka warke. Ya ce, "Kina nufin na haukace?" Na ce a'a, hankalinsa ƙalau yake, shi ya sa ma yake shan wahala haka.

A daren na gaya wa babana da matansa biyu. Muka kwashe maganin ƙwari da na ɓera da duk tarin ƙwayoyin da suka taru a ɗakinsa, muka tsara yadda ba za a bar shi shi kaɗai ba. Babana ya ja ni gefe ya ce kada maganar ta fita, don yana tsoron hukuma. Tsoronsa yana da tushe: sashe na 231 na dokar Final Kod da jihohin Arewa suka gada ya tanadi ɗauri har na shekara ɗaya ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa. Dokar da ke hukunta mara lafiya ba abin da take haifarwa sai ɓoyo, kuma ɓoyon ne ke kashewa.

A gaban likita

Sai da aka yi kwana huɗu ana lallashi. A Kano in aka ce za a kai mutum wurin likitan ƙwaƙwalwa, abin da kunne ke ji shi ne Dawanau, asibitin masu tabin hankali, kuma yara ma da sunan suke zagin juna. Baffa ya ce in mutanen kasuwa suka ji, babu mai sake ba shi amanar ko yadi ɗaya. Limamin masallacinsu ne ya karya masa wannan taurin. Ya zo ya zauna da shi, bai yi masa faɗa ba. Ya tuna masa Annabi Yaƙubu, wanda idanunsa suka yi fari saboda baƙin cikin rabuwa da Yusuf, kuma babu mai cewa imaninsa ya yi rauni. Ya tuna masa shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, wadda ake kira shekarar baƙin ciki, da addu'ar da Manzon Allah (SAW) yake yawan yi ta neman tsari daga damuwa da baƙin ciki. Ya kawo hadisin da ke cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Ya ce, "Alhaji, a ci gaba da addu'a, a kuma je asibiti. In ka yarda ni zan raka ka." Ya kuwa raka shi.

Likitan ya yi kusan awa ɗaya da shi, mafi yawanta yana saurare. Ya fara da neman cututtukan jiki da ke iya kwaikwayon damuwa: ƙarancin jini, ciwon sukari, da raunin halittar nan ta gaban wuya wadda in ta kumbura ake kira maƙoƙo. Duk suka fito lafiya. Ya tambaya ko yana shan wani abu mai sa maye, ko an yi masa rasuwa kwanan nan. Ya tambayi Anti ko Baffa ya taɓa yin wasu kwanaki ba ya bukatar barci, yana zuba magana ba tsayawa, yana kashe kuɗi ba lissafi. Wannan tambaya tana da muhimmanci, domin akwai wani ciwo dabam mai hawa da sauka, wanda in aka ba mai shi maganin damuwa shi kaɗai zai iya tunzura shi. Ta ce bai taɓa ba.

Sannan ya bi da shi ta wasu tambayoyi tara da ake kira PHQ-9, kowace da maki daga 0 zuwa 3, jimla 27. Daga 10 ake ɗaukar abin da muhimmanci, daga 20 ya zama mai tsanani. Baffa ya samu 21. Likita ya bayyana mana ma'aunin da ake bi: mutum ya yi aƙalla sati biyu, kusan kullum, cikin ƙuncin rai ko ɗaukewar sha'awar abubuwan da ya saba jin daɗinsu, tare da wasu alamu kamar rikicewar barci da ci, kasala, rashin tattara hankali, ganin kai ba a bakin komai ba, da tunanin mutuwa, har abin ya hana shi tafiyar da rayuwarsa. Sati biyu ake nema. Baffa ya yi wata takwas.

Ya kuma ce zafin ka da nauyin ƙirji da abin da ke yawo a fata ba ƙarya ba ne, ba kuma raki ba ne. Da yawan masu wannan ciwo a ƙasar nan da kukan jiki suke zuwa asibiti, domin shi ne kukan da al'ada ta yarda a yi. Da babana ya tambaya me ke kawo shi, likita ya ce ba abu ɗaya ba ne. Akwai gado, wanda binciken da aka yi a kan tagwaye ya nuna yana ɗaukar wajen kashi ɗaya cikin uku na haɗarin. Akwai doguwar fargaba da ke gajiyar da ƙwaƙwalwa ta rikita barci da ci. Akwai asara, musamman wadda ta haɗa da zubewar mutunci. Da aka ambaci gado babana ya yi shiru, sannan ya ce akwai shekarar da mahaifiyarsu ta daina magana bayan rasuwar wani ƙaninsu, ta yi kusan shekara a ɗaki, aka ce iska ce. Matar da nake ɗauke da sunanta ke nan, kuma ban taɓa jin wannan labari ba sai a ranar.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a bayaninta na 2023 cewa kimanin mutum miliyan 280 ke fama da wannan ciwo, wajen kashi 5 cikin 100 na manya, kuma a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi fiye da kashi 75 cikin 100 ba sa samun wani magani. Ya fi yawa a mata, amma maza sun fi mutuwa ta hanyar kashe kai. A Nijeriya, mai mutum sama da miliyan 200, likitocin ƙwaƙwalwa ba su kai 300 ba. Sai a watan Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958. Baffa yana zaune a birnin da ke da irin waɗannan likitoci, da 'yar ɗan'uwa ma'aikaciyar jinya, da kuɗin mota, amma sai da ya yi wata takwas. Ina yawan tunanin manomin da ke ƙauye mai nisan awa uku da titi.

Magani, da kuskuren da muka sake yi

An ɗora shi a kan fuloksetin, ƙwaya ɗaya kowace safiya. Likita ya ce akwai amitiriftilin, wadda ta fi araha kuma tana taimaka wa barci, amma ba a son ba da ita ga mai tunanin mutuwa saboda haɗarinta in an sha da yawa. Diyazifam kuma aka riƙa rage masa a hankali har ya rabu da ita. Aka damƙa maganin a hannun Anti, ita ke ba shi kullum. An gargaɗe mu cewa ba ya aiki kamar fanadol, sai an yi sati biyu zuwa huɗu kafin a fara ganin canji, kuma a makonnin farko ne ake ƙara sa ido, domin ƙarfin jiki yakan riga farin ciki dawowa.

Satin farko ya yi tashin zuciya da ciwon kai, Gwaggo ta ce ga shi nan, maganin Turawa ya ƙara masa ciwo. A sati na uku ya yi barci har kiran sallar farko. A na biyar ya nemi tuwon dawa da miyar kuka. Wata safiya a sati na bakwai Anti ta kira ni, ba ta ce komai ba, ta ɗaga wayar sama don in ji rediyo tana magana a tsakar gida.

Ba ƙwaya kaɗai ta yi aikin ba. Wata ma'aikaciyar jinya a asibitin ta riƙa zama da shi duk sati biyu. Ta ce kada ya jira sai ya ji sha'awar yin abu kafin ya yi, domin a wannan ciwo aiki ne ke jawo sha'awa. Suka rubuta jadawali ƙarami: Asuba a masallaci, tafiya zuwa bakin titi da dawowa, daga baya awa ɗaya a shago ba tare da ya taɓa lissafi ba. Suka ɗauki sauran bashin suka yanka shi gunduwa-gunduwa, kowane sati a fuskanci guda. Wannan hanya ta warware matsala ɗaya bayan ɗaya ba sai likita ba. A Zimbabuwe, inda suke kiran ciwon da kalmar da ke nufin yawan tunani, likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata suna zama da mutane a kan benci a harabar asibiti. A gwajin da aka buga a 2016 a kan mutum 573 a Harare, bayan wata shida kimanin kashi 14 cikin 100 na waɗanda suka zauna da tsofaffin ne ke da sauran alamun damuwa, a cikin waɗanda ba su zauna da su ba kuwa kusan rabi. Yawan tunani shi ne sunan da mu ma muke ba shi, kuma ba mu rasa tsofaffi masu iya saurare ba.

A wata na uku Baffa ya ji garau, ya koma kasuwa sosai, ya ce wa Anti ta daina ba shi ƙwayar, shi ba mai tabin hankali ba ne da zai dawwama a kan magani. Ta ji nauyin yi masa musu. Ni ma da na ji, ban matsa ba, don na ga ya murmure. Bayan sati shida farkawar dare ta dawo, rediyo ta sake yin shiru. Likita ya ce wannan shi ne kuskuren da aka fi yi: ana ci gaba da maganin aƙalla wata shida bayan an ji sauƙi, sau da yawa har tara zuwa goma sha biyu, sannan a janye shi sannu a hankali a ƙarƙashin kulawa. Ya ce maganin ba ya sa maye, ba a kuma kamuwa da jarabarsa kamar taramol, amma yanke shi farat ɗaya yana wahalar da jiki, yana kuma buɗe wa ciwon ƙofa. Aka koma daga farko. Da azumin 2025 ya zo, aka mayar da shan ƙwayar lokacin sahur, ya yi azuminsa cif.

Gwaggo har gobe tana cewa ruƙiyya ce ta yi aiki, maganin asibiti ya zo ya tarar. Na daina musu da ita a kan wannan, domin ban taɓa cewa a bar addu'a ba, kuma na ga yadda karatun Alƙur'ani yake sanyaya masa rai. Inda ba zan yi shiru ba shi ne in an ce ciwon raunin imani ne, ko a ɗora wa wata baiwar Allah laifin asiri. Malaman Musulunci sun riga mu sanin wannan. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934, ya rubuta littafi a kan lafiyar jiki da ta rai, inda ya raba baƙin cikin da ke da sanannen dalili da wanda ke sauka a kan mutum ya danne shi ba tare da dalili bayyananne ba, ya ce na biyun yana da tushe a jiki kuma yana bukatar magani. Sama da shekara dubu ke nan.

Yanzu Baffa yana shago ɗaya, ya daina karɓar kaya a lissafin dala. Lissafin ka ya dawo, surutun ma ya dawo, ko da yake ba kamar da ba. Yakan yi shiru a tsakiyar hira na ɗan lokaci, sannan ya dawo. A kasuwa abin da aka sani shi ne ya yi doguwar jinyar olsa, kuma ya ce a bar shi a haka. Ya je da kansa gidan su Anti ya ba iyayenta haƙuri a kan abin da danginsa suka faɗa. Littafin nan mai shafi arba'in yana wurina, ya ce in ci gaba da riƙewa.

Likita ya gaya mana cewa wanda ya taɓa yin ciwon sau ɗaya yana iya sake yi, don haka muka zauna da Baffa da matansa muka amince a kan alamu uku da za a kira ni a kansu ba tare da an nemi izininsa ba: in ya farka tsakar dare kwana uku a jere, in ya bar jam'i ba tare da uzuri ba, ko in gari ya waye sau biyu rediyo ba ta tashi ba. Sau ɗaya Anti ta kira ni a kan ta ukun, a watan da ya wuce. Na bar aiki na hau adaidaita sahu na je, na tarar da shi a tsakar gida da rediyon a cinya, ya buɗe bayanta yana goge wurin batir da tsumma.